Sojan da ba a gani a fareti ba: baƙaƙen fata, bauta da rigimar tuna yaƙin basasar Amurka

A ranakun 23 da 24 ga Mayun 1865 birnin Washington ya ga faretin da bai taɓa ganin irinsa ba. Yaƙin basasa na shekara huɗu ya ƙare, Kudu ta miƙa wuya, sojoji kusan 150,000 suka yi kwana biyu suna wucewa ta gaban sabon shugaban ƙasa Andrew Johnson. Ko runduna ɗaya ta baƙaƙen fata ba ta taka a wannan fareti ba, alhali kuwa kimanin 179,000 daga cikinsu sun sa kaki a sojan ƙasa na Arewa, wato mutum ɗaya cikin kowane goma, ban da wasu kimanin 19,000 a sojan ruwa. 'Yan tsirarun baƙaƙen da aka gani ranar suna cikin ayarin Janar Sherman, ɗauke da gatari da shebur a matsayin leburorin share hanya.

Masu kare shirin suna da uzuri, kuma ba ƙarya ba ne: yawancin rundunonin baƙaƙe suna can Kudu suna gadin garuruwan da aka ci, wasu kuma ana shirin tura su Teksas. Sai dai abin da ya faru a wannan makon shi ya ci gaba da faruwa har shekara ɗari. Aka riƙa ba da labarin yaƙin tamkar rigimar 'yan gida ɗaya ce tsakanin Turawan Arewa da Turawan Kudu. Ni a ganina, manta sojan baƙar fata da kuma musun cewa bauta ce ta haddasa yaƙin aiki ɗaya ne. Duk wanda ya yarda ya kalli sojan nan da kyau, dole ya tambayi daga ina ya fito, kuma amsar a mafi yawan lokuta ita ce daga gandun auduga ya gudo.

Ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4 a Amurka. A jihohin Karolina ta Kudu da Misisipi bayi sun fi 'ya'ya yawa. Auduga ita ce fiye da rabin kayan da ƙasar ke fitarwa waje, kuma in aka yi wa bayin kuɗi yadda ake yi a kasuwar lokacin, ƙimarsu ta zarce ta dukan masana'antu da layukan dogon ƙasar a haɗe. Da aka zaɓi Abraham Lincoln, wanda jam'iyyarsa ta ce ba za a ƙara shigar da bauta sababbin yankunan yamma ba, sai Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disambar 1860, wasu suka bi ta, har suka cika jihohi 11.

Mutanen nan ba su ɓoye dalilinsu ba. Takardar ɓallewar Misisipi ta ce matsayinta a ɗaure yake da bauta, ta kuma kira bauta dukiya mafi girma a duniya. Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan awaren, ya tsaya a Savannah ranar 21 ga Maris 1861 ya ce sabuwar gwamnatinsu an aza tubalinta ne kan cewa baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, bauta kuma ita ce matsayin da ya dace da shi. Kundin tsarin mulkinsu ya haramta yin duk wata doka da za ta taɓa haƙƙin mallakar bawa. Bayan an sha kashi ne wannan Stephens ɗin ya zauna ya rubuta cewa ai rigimar ta 'yancin jihohi ce a gaban gwamnatin tarayya. Wannan zance yana rushewa da zarar an tuna dokar 1850, wadda Kudu ta matsa aka yi domin tilasta wa jihohin Arewa kamo bayin da suka gudu su mayar da su. Ɗaya daga cikin manyan koke-koken Karolina ta Kudu shi ne jihohin Arewa sun ƙi bin wannan doka. 'Yancin jiha bai dame su ba a ranar da jihar ta zaɓi ta ba wa gudajjen bawa mafaka.

Kada a ɗauka Arewa waliyyiya ce. Ta shiga yaƙin ne don kada ƙasa ta rabe. A Agustan 1862 Lincoln ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley cewa da zai iya ceto tarayyar ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba, da ya yi. A Yulin 1863 fararen talakawan New York, cikin fushin tilasta musu shiga soja, suka far wa baƙaƙen garin, suka rataye wasu, suka ƙona gidan marayunsu. Da farko ma baƙaƙen da suka zo neman shiga soja korarsu aka yi, ana cewa yaƙin na fararen fata ne.

Bayin ne da ƙafarsu suka sauya lissafin. A Mayun 1861 wasu bayi uku da aka sa aikin gina wa 'yan aware ganuwa suka tsallaka ruwa cikin dare zuwa sansanin Fort Monroe a Bajiniya. Da aka zo karɓarsu, Janar Benjamin Butler ya ce tunda Bajiniya ta ce ta fita daga ƙasar, dokar ƙasar ba ta ci gaba da yi mata aiki, kuma tunda masu su sun ce dukiya ne, to dukiyar abokin gaba da ake yaƙi da ita ganima ce. Labari ya bazu. Ɗaruruwa suka biyo, sannan dubbai, mata da yara da tsofaffi, har gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su in ba ta sauya manufa ba. Shelar 'yanci ta 1 ga Janairun 1863 ta buɗe ƙofar ɗaukar baƙaƙe soja, a watan Mayu kuma aka kafa ofishi na musamman don wannan aiki. Mafi yawan waɗanda suka shiga daga jihohin bauta suka fito.

Kakin da suka sa bai daidaita su da kowa ba. Kurtu farar fata yana karɓar dala 13 a wata, baƙi kuwa dala 10, a kuma cire 3 kuɗin tufafi, ya tashi da 7. Hafsoshinsu kusan duka Turawa ne. Runduna ta 54 da ta 55 ta jihar Massachusetts suka ƙi karɓar ko sisi har kimanin wata 18, suna yaƙi, iyalansu na fama da yunwa a gida. Gwamnatin jihar ta ce za ta cike musu gibin daga aljihunta, suka ce a'a, ba sadaka suke nema ba, albashin soja suke nema daga gwamnatin da ta ɗauke su. Wani saje mai suna William Walker, na wata runduna a Karolina ta Kudu, ya jagoranci mutanensa suka ajiye bindigogi kan wannan magana, aka harbe shi a 1864 da laifin bore. A watan Yunin shekarar majalisa ta daidaita albashin.

Haɗarin da ke gabansu ma daban yake. Majalisar 'yan aware ta zartar a 1863 cewa baƙin da aka kama da makami ba fursunan yaƙi ba ne, bawa ne da ya yi tawaye, hafsan da ya jagorance shi kuma hukuncinsa kisa. Wannan na cikin abin da ya wargaza musayar fursunoni tsakanin ɓangarorin biyu. Ranar 12 ga Afrilun 1864, a Fort Pillow da ke Tenesi, mayaƙan Nathan Bedford Forrest, wanda kafin yaƙi dillalin bayi ne, suka ci sansanin suka ci gaba da kashe waɗanda suka ɗaga hannu. Kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen da ke wurin suka mutu, fararen kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Forrest ɗin nan shi ya zama shugaban farko na Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, bayan yaƙi. Jimlar baƙaƙen sojoji da suka mutu ta kai wajen 40,000, yawancinsu cuta ce ta kashe su a sansanoni marasa tsafta da ƙarancin likitoci.

Wanda ya fi kowa gane ma'anar sojan baƙar fata, abin mamaki, ɗan Kudu ne. Da ruwa ya ƙare wa 'yan aware a farkon 1865, wasu suka kawo shawarar a ba bayi bindiga. Howell Cobb na Jojiya, janar kuma babban ɗan siyasa, ya rubuta cewa in har bayi za su iya zama sojoji na gari, to dukan hujjarsu ta bauta kuskure ce. Gaskiya ya faɗa. An gina bautar Amurka kan cewa baƙi yaro ne har abada, ba ya iya riƙe kansa, kuma ya gamsu da ubangidansa. Mutumin da ya gudu, ya koyi fareti, ya hau ganuwar Fort Wagner cikin ruwan harsashi ranar 18 ga Yulin 1863, inda runduna ta 54 ta yi asarar kusan rabin mutum 600 da ta shiga da su tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama, ya ƙaryata wannan duka ba tare da ya yi jawabi ba. Majalisar Kudu ta amince da shawarar ranar 13 ga Maris 1865, saura ƙasa da wata guda Janar Lee, babban kwamandan sojan Kudu, ya miƙa wuya.

A cikin runduna ta 55 akwai wani mutum da ya kamata mu san shi. Sunansa na yanka Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa a Borno wajen 1836. Yana yaro mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram, aka ratsa Sahara zuwa Turabulus, daga nan Santambul, har ya faɗa hannun wasu 'yan sarautar Rasha, inda aka yi masa baftisma aka sa masa suna Nicholas. Ya zaga Turai yana bara, ya iya harsuna da dama, ya isa Amurka a 1860 yana ɗa, ya yi koyarwa a Detroit. A 1863 ya sa hannu ya shiga soja, ya kai muƙamin saje, daga baya ya koma aikin asibitin runduna, aka sallame shi a 1865. Takardun soja sun tabbatar da wannan. To amma da ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873, ya ba da labarin Borno da hamada da fadojin Turai dalla-dalla, ya tsallake shekarun soja gaba ɗaya, ya ma nuna kamar bayan yaƙi ya shigo ƙasar. A lokacin yana koyarwa a ƙauyukan Kudu, yana sayar da littafinsa ga fararen da suka yi wa ɗaya ɓangaren yaƙi, a shekarun da 'yan Klan ke bin malaman makarantar baƙaƙe da tsofaffin sojoji cikin dare. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane abin da ya sa ya yi shiru. Shekara takwas kacal da nasara, sojan da ya ci yaƙin ya fi samun kwanciyar hankali in ya ce an taɓa sayar da shi fiye da in ya ce ya taɓa riƙe bindiga.

A wannan shekarar ta 1863 ɗin dai, a Legas, Baturen Ingila John Glover ya tara 'yan Hausawa kaɗan, yawancinsu bayin da suka kuɓuce, ya kafa 'yar rundunar da Sojan Najeriya ke ƙirga tarihinsa daga gare ta. Bambancin babba ne, domin waɗannan an yi amfani da su wajen cin ƙasashe, waɗancan kuwa wajen rushe gandayen da suka fito. Amma mu ma in ana bikin sojoji ba a cika faɗin daga ina mutanen Glover suka fito ba, ko kuma cewa sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya.

Yadda aka gina mantuwar a Amurka ba a ɓoye yake ba. Bayan yaƙi an gyara kundin tsarin mulki sau uku: 1865 aka haramta bauta, 1868 aka ba baƙaƙe zama 'yan ƙasa, 1870 aka ba mazansu ƙuri'a. Lincoln kansa, a jawabinsa na ƙarshe ranar 11 ga Afrilun 1865, ya ce a ba waɗanda suka yi wa ƙasa soja ƙuri'a, kuma John Wilkes Booth, wanda ya harbe shi bayan kwana uku, yana cikin masu sauraro. Daga 1877, da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu, sai aka shiga ƙwace ƙuri'ar da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da igiyar rataya. A 1896 kotun ƙoli ta halatta wariya. Tsarin da ke cewa baƙi bai cancanci ƙuri'a ba yana buƙatar tarihin da babu baƙin da ya mutu don ƙasa a cikinsa.

Tsofaffin janar-janar na Kudu suka fara rubuta wannan tarihi, ƙungiyar 'ya'yansu mata da aka kafa a 1894 ta ɗora. Su suka tara kuɗin mutum-mutumi, su suka riƙa tantance littattafan makaranta suna sa a yi watsi da duk wanda ya ce Kudu ta yi yaƙi don bauta. Yawancin gumakan 'yan aware ba a makon jana'iza aka kafa su ba. An kafa su ne tsakanin 1900 da shekarun 1920, daidai lokacin da ake kafa dokokin wariya, kuma da yawa a ƙofar kotu, inda baƙin da ya zo neman haƙƙi zai wuce ta ƙarƙashinsu.

Arewa ta yarda da cinikin, don sulhu ya fi mata riba. A 1913 tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na ɓangarorin biyu suka taru a Gettysburg, filin wani babban gumurzu na yaƙin, suka yi musafaha ta kan katangar da suka taɓa kashe juna a kanta. Shugaba Woodrow Wilson, wanda gwamnatinsa ke raba ma'aikata baƙi da fari a ofisoshin tarayya a wannan shekarar, ya ce musu an manta da rigimar. Bai ambaci bauta ba. Frederick Douglass, tsohon bawa wanda 'ya'yansa biyu suka shiga runduna ta 54, ya hango wannan tun 1878, lokacin da ya ce akwai ɓangaren gaskiya da ɓangaren ɓata a yaƙin nan, kuma babu wani taushin zuciya da ya isa ya sa a manta.

Har inda aka yi niyyar karramawa ma, sai an bar alama. A Boston aka ƙaddamar da abin tunawa da runduna ta 54 a 1897, aikin tagulla mai kyan gaske, Kanar Robert Gould Shaw bisa doki, mutanensa na tafiya a ƙasa, kowace fuska daban. Sunayen hafsoshi farare da suka mutu aka sassaƙa a jiki, na baƙaƙen kuwa sai a farkon shekarun 1980 aka ƙara. A Washington kuma akwai gunkin 1876, Lincoln a tsaye yana miƙa hannu, bawa a durƙushe gabansa ba riga. 'Yantattun bayi ne suka tara kuɗinsa, kaso mai tsoka daga albashin tsofaffin sojoji baƙaƙe, amma ba su aka tambaya siffar da za a yi ba. Mutanen da suka tsaya da bindiga suka biya aka zana su a gwiwa. Wannan ita ce irin mantuwar Arewa, kuma ta fi ta Kudu wuyar kamawa: ta yarda an yi bauta, ta yarda mugun abu ne, amma ta mayar da 'yanci kyauta daga hannun mutum ɗaya. Sai a 1998 aka buɗe wurin tunawa na ƙasa a Washington, mai ɗauke da sunaye 209,145 na sojojin da hafsoshinsu.

Da labarin baƙaƙen sojoji ya fara dawowa bayan gwagwarmayar 'yancin ɗan ƙasa ta shekarun 1960, sai wata sabuwar dabara ta ɓullo: ai Kudu ma tana da dubban baƙaƙen sojoji. Intanet ta yaɗa wannan sosai, da hotunan baƙaƙe cikin kakin Kudu. Gaskiyar ita ce rundunonin Kudu sun tafi da dubban bayi a matsayin kuku da direbobin keken doki da masu haƙa rami da barorin hafsoshi, ba a tambaye su ba, ba a kuma rubuta su soja ba, tunda dokar Kudun ta hana har makonnin ƙarshe. Cobb da kansa shi ne shaidar da ta fi ƙarfi a kan masu wannan da'awa.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ta cancanci a saurare ta. Wani ɗan Kudu zai ce kakansa talaka ne, bai mallaki bawa ba, ya fita ne don an shigo jiharsa da yaƙi, me ya sa za a hana shi girmama shi? Haka ne, yawancin gidajen fararen Kudu ba su da bawa, ko da yake wajen kashi ɗaya cikin uku suna da shi, a Misisipi ma kusan rabi. Su kansu talakawan sun yi gunaguni a 1862 da aka yi dokar da ta yafe wa mai kula da bayi 20 zuwa fagen fama. Amma dalilin da ya fitar da kurtu daga gida daban, manufar gwamnatin da ta ba shi bindiga daban, kuma da ya yi nasara, mutum miliyan 4 da 'ya'yansu za su ci gaba da zama kaya. Kabarin kaka haƙƙin jika ne, babu mai ja. Gunkin janar a tsakiyar gari da kuɗin harajin kowa wata magana ce.

Abin ya maimaita kansa a yaƙe-yaƙen da suka biyo. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar baƙaƙe ta 369 daga New York sai aka miƙa ta ga Faransawa, ta yi kwana 191 a bakin daga. Baƙaƙe fiye da miliyan ɗaya suka yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu cikin rundunoni na wariya, babu ko ɗaya da ya sami lambar yabo mafi girma ta ƙasar sai a 1997, da aka ba mutum bakwai, ɗaya kawai a raye, Vernon Baker.

Kisan masu ibada tara a cocin baƙaƙe na Charleston a 2015 ya sa aka sauke tutar 'yan aware daga harabar majalisar jihar Karolina ta Kudu. A 2021 aka sauke gunkin Lee a Richmond, aka kuma mayar da 19 ga Yuni, ranar da labarin 'yanci ya isa ga bayin Galveston da ke Teksas a 1865, hutun ƙasa. A 2023 aka sauya sunayen barikokin soja tara da ke ɗauke da sunayen 'yan aware. Barikin Fort Polk a Luwiziyana, mai sunan wani bishop mai bayi da ya zama janar ɗin Kudu, ya koma Fort Johnson, don tunawa da Saje Henry Johnson na runduna ta 369, wanda ya kori ayarin Jamusawa da wuƙa a wani dare na 1918, Faransa ta ba shi lamba nan take, ƙasarsa kuwa ba ta ba shi babbar lambarta ba sai a 2015, shekara 86 bayan ya mutu cikin talauci. A 2025 sabuwar gwamnati ta mayar da tsofaffin sunayen. Da yake doka ta hana sa sunan ɗan aware, sai aka nemo wasu sojoji masu irin sunan: Fort Bragg yanzu wai na wani kurtu ne Roland Bragg, Fort Polk kuma na wani Janar James Polk na Yaƙin Duniya na Biyu. Ba cinya ba, ƙafar baya. Sunan Henry Johnson ya yi shekara biyu a ƙofar barikin kafin a cire allon.